Rigingimun Ƙasa a Ajin Tarihi: Sharhi a kan Hanyar Koyar da Su

Gabatarwa

Batun da muka ɗauko a wannan takarda ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe alli a ajin tarihi. Tun daga shekarar karatu ta 2009/2010, lokacin da aka janye tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin zaman jama'a, malaman tarihi suka yi ta kuka. Kukan bai tafi a banza ba, domin daga 2018 hukumomi sun shiga mayar da darasin, har a 2025 aka ba da sanarwar cewa tilas ne a koyar da tarihin Nijeriya daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. To amma duk tsawon wannan jayayya an fi mai da hankali ne ga ko za a koyar da tarihi ko ba za a koyar ba. Ba a cika tambayar yadda za a koyar da shi ba, balle a kai ga wuraren da suka fi wuya, watau rigingimun da 'yan ƙasa suka yi da junansu ko da masu mulkinsu.

Manufarmu a nan ita ce mu yi sharhi a kan hanyar da littattafan makaranta da malamai suka saba bi in sun zo kan waɗannan rigingimu. A ganinmu babu inda ya fi rigima dacewa da koya wa ɗalibi tunani irin na masanin tarihi, saboda a nan ne shaidu suke saɓa wa juna, kuma sai shaidu sun saɓa ake bukatar mai auna magana. Hanyar da ake bi kuwa tana zubar da wannan dama. Za mu gwada maganarmu da tawayen Satiru na 1906, da tarzomar Kano ta 1953, da abubuwan da suka faru daga 1966 zuwa 1970.

Hanyar da Aka Saba Bi

Duk wanda ya duba littattafan da ake shirya wa ɗalibai don jarrabawa zai ga tsari guda ne. Kowace rigima ana yanka ta gida huɗu: dalilai na nesa, dalilai na kusa, yadda aka yi, sa'an nan sakamako. Ƙarƙashin kowane gida akwai jerin abubuwa biyar ko shida. Malam ya rubuta a allo, ɗalibai su kwafa, su haddace, ran jarrabawa su amayar. Mun sha zama a bayan aji wajen duba ɗaliban koyon malanta, mun ga darasin yaƙin basasa ya fara ya ƙare ba wanda ya yi tambaya ko ɗaya, kuma malamin da ɗalibansa duk suna ganin darasi ya yi kyau.

Aibin wannan tsari na farko shi ne ba ya gaya wa ɗalibi inda maganar ta fito. Littafi ya ce mutum kaza aka kashe, bai ce wa ya ƙirga ba, ko yaushe, ko kuwa mai ƙirgar yana da wata riba in adadin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Na biyu, dalilan da ake jerawa duk nauyinsu ɗaya a kan takarda, kamar tumatir a faifai, alhali aikin mai tarihi shi ne ya ce wannan ya fi wancan ƙarfi, ya kuma kawo hujja. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma ɗalibin da ya haddace dalilai biyar bai san wanne ne ya tsamar da ruwan ba.

Akwai kuma wani aibi wanda ya shafi harshe, kuma shi ya fi ɓoyuwa. Marubuta suna son kalmomi irin su "rikici ya ɓarke", "an yi asarar rayuka", "al'amura sun dagule". Mai karatu sai ya ɗauka abin saukowa ya yi kamar ruwan sama, babu wanda ya shirya, babu wanda ya ɗauki makami, babu kuma wanda ya ƙi ɗauka. Mun san abin da ya kawo haka. Tun da aka gama yaƙi a Janairu 1970, Janar Gowon ya ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci, aka ɗora wa darasin tarihi aikin haɗa kan ƙasa, marubuta kuwa suka fahimci haɗin kai da cewa kada a taɓa inda yake ciwo. Niyyar mai kyau ce. Sai dai yaron da aka hana labari a aji ba ya zama babu labari. Yana samunsa a zaure da tasha da wayar hannu, daga bakin wanda ba ya tsoron a tambaye shi hujja.

Abin da Muke Nufi da Tunanin Tarihi

In muka ce tunanin tarihi muna nufin wasu 'yan ɗabi'u ne waɗanda ake koya da yi, kamar yadda ake koyon saƙa: ɗalibi ya tambayi wa ya faɗi magana kafin ya karɓe ta, ya gwada ta da ta wani, ya san halin da mutanen wancan zamani suke ciki da abin da suka sani da wanda ba su sani ba, ya kuma lura da wanda ba a ji bakinsa ba sam. A Ingila tun 1972 aka kafa wani shiri na koyar da tarihi ta hanyar ba ɗalibai takardun asali su yi aiki da su, kuma daga can abin ya bazu. Wannan ya sa wasu abokan aikinmu suke ɗaukar hanyar a matsayin kayan aro.

Mu ba mu ga aro a nan ba. Ɗalibin da ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar ruwaya sai an bi isnadinta an san halin masu ruwayar. Wanda ya taɓa shiga kotun alƙali ya ga yadda ake tsarkake shaida, da yadda ake ƙin shaidar wanda yake da amfani cikin ƙarar. Ibn Haldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya soki Mas'udi da wasunsa saboda sun ruwaito cewa mayaƙan Bani Isra'ila sun kai 600,000, ya ce a auna adadin da girman ƙasar da yawan kakannin da ke tsakani a ga ko zai yiwu. A nan gida kuma marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya ɗauki abin da Heinrich Barth ya rubuta game da Katsina, wadda ya fara shiga a 1851, ya nuna cewa ganau ma yana gani ne da idon da ya zo da shi, da ra'ayoyin ƙasarsu game da jinsi da ƙabila. Ashe abin da ake nema a aji yana nan cikin tarbiyyar ɗalibanmu. Ajin tarihin ne kawai yake ce musu su ajiye shi a bakin ƙofa.

Satiru, 1906

Satiru ƙauye ne da ke kimanin mil 14 kudu da Sakkwato. A littattafan makaranta, in ya samu shiga, bai wuce layi uku ba: wasu 'yan Mahadiyya sun yi wa Turawa tawaye, an murƙushe su. Ga kuwa abin da ya faru a taƙaice. A 1904 wani malami na garin, Maikaho, ya yi da'awar Mahadi, aka kama shi, ya mutu a tsare a Sakkwato. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. A farkon 1906 wani malami makaho, wanda aka fi sani da Ɗan Makafo, ya iso Satiru daga ƙasar Zabarma bayan Faransawa sun fasa boren da ya tayar a Kobkitanda. Ran 14 ga Fabrairu mukaddashin Razdan, Hillary, ya tafi da sojan doki don ya kama shugabannin. Mutanen gari suka far musu da gatura da fartanyu da baka, suka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da hafsan sojan, Laftanar Blackwood, da sojoji baƙar fata 25, suka kuma ƙwace bindiga mai ruwa. Malam Isa ya mutu da raunin da ya samu a wannan karo. Ran 10 ga Maris rundunar da Gwamna Lugga ya tara, sama da soja 500 ƙarƙashin Manjo Goodwin, tare da dawakin Sakkwato, ta auka wa garin. An ce an kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara wajen 3,000, aka rushe garin. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Biyu ya yi baki ga duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. An yi wa Ɗan Makafo shari'a a Sakkwato aka kashe shi.

To, malami zai iya karanta wa ɗalibai wannan sakin layi su haddace, sai ya zama mun koma gidan jiya. Abin da muke so shi ne ya tsaya kan kalmar nan "an ce". Adadin 2,000 daga rahoton waɗanda suka yi kisan ya fito. Wa ya ƙirga gawa a ranar? Waɗanda dawaki suka bi cikin daji suna cikin lissafin? Hafsan da yake son ya nuna ya rama jinin 'yan'uwansa zai so adadin ya yi yawa, gwamnan da yake tsoron tambayar Landan kuwa zai so ya yi kaɗan. Kuma lalle Landan ta yi tambaya. Mista Cocil, wanda a lokacin shi ne ƙaramin minista a ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka, ya rubuta a kan fayil ɗin yana ƙyamar yadda aka karkashe taron mutanen da kusan ba su da makami. Ɗalibin da aka ba rahoton Lugga da wannan rubutu na Cocil gefe da gefe zai gane da kansa cewa "Turawa" ba baki ɗaya suke magana da shi ba.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce ta Sarkin Musulmi. Shekara uku kacal ke nan da Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, suka bi Attahiru na Farko har Burmi suka kashe shi a watan Yuli. A tsakanin 14 ga Fabrairu da isowar gudummawa Turawan da ke Sakkwato 'yan kaɗan ne, sojoji da yawa an tura su ƙasar Tibi saboda rigimar Abinsi, Razdan Burdon kansa ya kama hanyar hutu sai da aka komo da shi. Da Sarkin Musulmi ya ɗaga tuta, da wuya a san inda abin zai tsaya. Bai ɗaga ba. Shi da Marafa Muhammadu Maiturare suka tsaya wa Turawa. Don me?

Ɗalibi mai zafin jini zai ce cin amana ne, shi ke nan. Wani zai ce hikima ce, don a tsirar da jama'a. Aikin malami shi ne ya hana su duka biyun hutawa kan amsar farko. Sai ya kawo musu risalar da Waziri Buhari ya rubuta yana bayyana wa malamai dalilin da ya sa ya zauna ya yi sulhu da Turawa a 1903 maimakon ya yi hijira, su ga irin hujjojin shari'a da masu mulkin lokacin suke kafawa. Ya tuna musu cewa waɗannan mutane sun ga abin da bindiga mai ruwa ta yi a Giginya da Burmi. Sa'an nan ya tambaye su, wanda ya ce Mahadi ya bayyana, ikon wa yake sokewa tun farko, na Razdan ko na Sarkin Musulmi?

A nan ne saɓanin masana yake da amfani. R. A. Adeleye, a maƙalarsa ta 1972, ya ɗauki Satiru a matsayin ci gaban turjiyar da Musulmi suka yi wa mamayar Turawa da sunan Mahadiyya. Lovejoy da Hogendorn kuwa, a 1990, sun ƙarfafa cewa talakawa da bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu su ne ƙashin bayan tawayen, watau ke nan sarautar ma abokiyar gaba ce ga Satirawa, ba Turawa kaɗai ba. Idris Kimba ya duba abin daga ɓangaren Nijar, inda ya zama wani yanki na boren da aka yi wa Faransawa a yammacin ƙasar. Mu dai mun fi karkata ga cewa ba za a fahimci matakin Sarkin Musulmi ba sai an sa maganar bayi da haraji cikin lissafi, amma ba ra'ayinmu muke so ɗalibi ya haddace ba. So muke ya faɗi wace hujja ce ta goyi bayan wane, kuma me zai so ya gani kafin ya canja ra'ayi.

Saura waɗanda ba su bar takarda ba. Rahotanni na Turawa ne, wasiƙu na fada ne. Satirawa an kashe su ko an watsa su, kuma zuriyar matan da aka kwashe ba su da dalilin yin alfahari da asalinsu a fili. Ɗalibin da ya gane cewa shirun nan ma sakamakon yaƙin ne, ya koyi abin da ba ya cikin jerin sakamako biyar.

Kano, Mayu 1953

Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya kawo shawara a Majalisar Wakilai ta Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da ya dace. Wakilan Arewa, waɗanda suke riƙe da kujeru 68 cikin 136 na zaɓaɓɓu, suka sha ihu da zagi a titunan Ikko da tashoshin jirgin ƙasa a hanyarsu ta komowa. A watan Mayu Action Group ta aiko tawaga Kano ƙarƙashin S. L. Akintola don ta yi wa jama'a bayani. Daga 16 zuwa 19 ga watan aka yi ta faɗa, mafi yawa a tsakanin Fagge da Sabon Gari. Rahoton Gwamnatin Jihar Arewa ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Wasu littattafai suna cewa 46.

Littattafan makaranta sukan rufe maganar da cewa ƙabilanci ne. Amma akwai ƙulli a cikin labarin wanda kalmar ƙabilanci ba ta kwance shi ba. Jam'iyyar da ta aiko tawaga ta Yarabawa ce galibi, shugaban tawagar Bayarabe ne, amma faɗan ya fi tsanani tsakanin Hausawa da Ibo, waɗanda jam'iyyarsu daban ce. In malami ya ajiye wannan ƙulli gaban aji ya yi shiru, ɗalibai da kansu za su fara neman wasu dalilai: wa yake riƙe da aikin akawu a reluwe da gidan waya da kamfanonin Turawa, wa yake gasa da wa a kasuwa da cinikin gyaɗa, me ya sa tun wajen 1913 aka ware baƙi a Sabon Gari, kuma me ya faru a Jos a 1945, inda aka yi irin wannan faɗa ba tare da wata shawarar majalisa ba.

Haka kuma kalmar "'yan Arewa" tana ɓoye abu. A Kanon nan aka kafa NEPU a watan Agusta 1950, kuma ita ba ta tare da NPC a kan jinkirta mulkin kai. Ma'aikatan En'e kuwa suna da hannu wajen shirya zanga-zangar ƙin tawagar. Ke nan wanda ya rubuta rahoton gwamnati yana bincike ne a kan abin da ya shafi hukumar da yake aiki da ita. Wannan bai mai da rahoton ƙarya ba, sai dai ya wajabta a karanta shi tare da jaridun makon, Gaskiya Ta Fi Kwabo a hannu ɗaya, West African Pilot a ɗayan, da abin da Sardauna ya faɗa a tarihin rayuwarsa na 1962, da na Enahoro na 1965. Mutanen biyu duk suna cikin majalisar ran nan, kowa kuma ya rubuta ne bayan ya san yadda abin ya ƙare.

Ta fuskar sakamako ma akwai abin aunawa. Kwana kaɗan bayan tarzomar majalisun Arewa suka amince da ƙudurori takwas waɗanda suka kusa raba ƙasar, Sakataren Mulkin Mallaka Lyttelton ya kira taron Landan, aka fito da tsarin tarayya na 1954. Tarzomar ce ta haifi tarayya, ko kuwa tsarin Macpherson na 1951 ya riga ya mutu tun a majalisa, tarzomar ta gaggauta jana'iza ne kawai? Wannan tambaya ce da ɗan babbar sakandare zai iya rubuta shafi biyu a kanta.

Daga 1966 zuwa 1970

Nan ne wurin da malamai suka fi gudu, mu ma ba za mu ce babu abin gudu ba. Abin da muka lura da shi shi ne ɗalibanmu na Arewa sun san 15 ga Janairu 1966 sarai. Sun san an kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Kaɗan ne suka san an kashe Akintola da Okotie-Eboh da Birgediya Ademulegun a daren, ko kuwa Laftanar Kanar Unegbe, wanda shi Ibo ne. Mafi yawansu ba su taɓa jin abin da aka yi wa Ibo da sauran mutanen Gabas a garuruwan Arewa a watan Mayu da Satumba da Oktoba na shekarar ba, ko abin da sojan tarayya suka yi a Asaba a Oktoba 1967. Takwaransu na Gabas kuwa ya san waɗannan duka, abin da ba a cika gaya masa ba shi ne yadda Arewa ta ji da safiyar 15 ga Janairu, da tsoron da Doka ta 34 ta Janar Ironsi ta jefa a zukatan ma'aikata da ta soke tarayya a watan Mayu, da abin da ƙananan ƙabilun Gabas suka gani a hannun Biyafara. Waɗannan yara biyu za su haɗu a sansanin bautar ƙasa, kowa da rabin labari, kowa kuma yana zaton nasa ne cikakke.

Kayan aiki kuwa ba su yi ƙaranci ba. Kirk-Greene ya tattara jawabai da sanarwoyin ɓangarorin biyu cikin juzu'i biyu tun 1971. Obasanjo da Madiebo, kwamandoji daga ɓangarori biyu, sun fitar da littattafansu a 1980, Ademoyega, ɗaya daga cikin masu juyin mulkin Janairu, ya fitar da nasa a 1981, Muffett ya ba da labarin daga ɓangaren Arewa a 1982, Elechi Amadi da Ken Saro-Wiwa sun rubuta ta bakin ƙananan ƙabilu. Darasi guda da muke ganin ya isa misali shi ne na Aburi. An yi taron ran 4 da 5 ga Janairu 1967 a Gana, an ɗauki maganganun a faifai, an buga su. A ba ɗalibai abin da aka amince da shi a can, a ba su Doka ta 8 ta watan Maris wadda Ikko ta ce cika alkawarin ce, Ojukwu ya ce saɓa shi ne, su gwada da kansu. Haka adadin waɗanda aka kashe a 1966, wanda ya tashi daga 'yan dubbai har zuwa 30,000, daga baya 50,000, gwargwadon mai faɗa da lokacin da ya faɗa. Amma a nan sai malami ya yi hattara ƙwarai. Gardama a kan adadi ba ta zama hanyar musun kisan ba, domin ko mafi ƙarancin adadin dubban rayuka ne na mutanen da ba su ɗauki makami ba.

Abin da Za a Iya Cewa Game da Wannan Hanya

Suka ta farko ita ce za a ta da husuma a aji, musamman inda 'ya'yan ƙabilu da addinai daban-daban suke zaune kan benci ɗaya. Ba mu raina wannan tsoro ba, don malami yana da iyali, kuma magana takan fita daga aji a karkace. Amsarmu ita ce a bi abin daki-daki. A fara da rigimar da ta huce, kamar Satiru ko boren matan Aba na 1929, inda ɗalibi zai saba da tambayar hujja ba tare da jin ana zagin kakansa ba. Sa'an nan 1953. Yaƙin basasa sai a manyan azuzuwa, bayan ɗabi'ar ta zauna. Ƙasar Lebanon ta gwada ɗaya hanyar: yarjejeniyar Ɗa'if ta 1989 ta ce a rubuta littafin tarihi guda na ƙasa, aka shekara da shekaru ba a daidaita a kansa ba, manhaja ta tsaya a zamanin samun 'yanci, kowace ƙungiya ta ci gaba da koya wa 'ya'yanta yaƙin 1975 zuwa 1990 yadda take so.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi a ganinmu. Ana cewa in aka saba wa yaro da cewa kowane labari yana da ɓangare biyu, zai tashi yana ganin babu gaskiya, kowa da tasa. Wannan haɗari ne na gaske, kuma malamin da bai ƙware ba yakan faɗa cikinsa, ya jera ra'ayoyi ya ce kowa ya zaɓa. Alƙali yana sauraron ɓangare biyu ne don ya yanke hukunci. An rushe Satiru, an kashe Sardauna a gidansa, an kashe farar hula a Kano da Asaba. Waɗannan ba ra'ayi ba ne. Inda ake saɓani shi ne dalili da nauyi da niyya, kuma can ma wata amsar ta fi wata hujja.

Cikas na gaske yana wurin jarrabawa da kayan aiki. Muddin tambayar jarrabawa ita ce a kawo dalilai biyar, malami zai koyar da dalilai biyar, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Sai masu tsara tambayoyi sun fara sa ɗan guntun takardar asali a gaban ɗalibi suna tambayarsa wa ya rubuta, don wa, kuma me ya bari bai faɗa ba. Takardun kuwa suna nan, a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, amma da Ingilishin ofis na farkon ƙarni na 20 suke, ko da Larabci, ko da ajami, kuma malamin sakandare na ƙauye ba shi da kuɗin mota balle lokacin zama ya kwafa. Wannan aiki ya faɗo kan sassan tarihi da na Hausa da na Larabci na jami'o'inmu. Muna ba da shawara a fara da Satiru: rahoton Burdon, da na Lugga, da rubutun Cocil, da wani yanki na risalar Waziri Buhari, da abin da za a iya samu daga bakin tsofaffin ƙauyukan da ke kewaye da kufan garin, a fassara su da Hausa mai sauƙi, a ajiye asalin kowanne a gefensa, a gwada ɗan littafin a makarantu biyu ko uku na zango guda kafin a taɓa na 1953.